Wat Biyar Tawa, Wat Ɗaya ta Auta

Tun ranar da Baba ya ce zai shiga situdiyo ya naɗi kiɗe-kiɗensa kafin yatsunsa su gaji, na san abin da nake so, kuma ban yi wa kaina ƙarya ba. So nake gitarsa ta yi magana ta cikin amfilifaya, na'urar ƙara sauti, wadda na haɗa da hannuna, ya saurara, ya ɗago kai ya ce min na iya. Iyakar abin ke nan fa, ban nemi a goya ni ba.

Ni ce babbar 'yarsa, kowa Yaya yake ce min, har shi Baban. Ni na zauna a shagon gyaran da ya buɗe lokacin da yawon kiɗa ya fara isar sa. Tun ina 'yar mitsitsiya nake riƙe masa waya yana ɗiga dalma, na ƙona yatsu ba adadi, har na kai in an kawo amfilifaya mai ciwo, daga gurnaninta nake sanin inda zan sa hannu. Auta kuwa, ƙanena, sai da ya yi gemu kafin ya iya riƙe sukundireba daidai. Ya tafi karatu, ya samu aikin ofis a wani gari mai nisa, yana leƙo mu jefi-jefi da tsarabarsa da ƙatuwar muryarsa mai cika ɗaki. Amma da ya yi sallama sai ka ga fuskar Baba ta washe. In na ce, "Baba, shayinka zai huce," sai ya yi kunnen uwar shegu da ni. Auta ya maimaita wannan maganar tawa, ba ƙari ba ragi, sai Baba ya ce, "Yawwa ɗan albarka, ka kyauta da ka tuna min." Ka ji fa! Haka nake haɗiye irin wannan shekara da shekaru.

Baba ba ya taɓa amfilifayar zamani. Shi sai mai kwalba, wato irin ta da, mai ƙananan kwalaben gilashi a ciki kamar ƙwan fitila, waɗanda sai sun ɗauki zafi sun yi ja sannan su fara magana. Daɗinta yana wuri ɗaya. In ka murɗa ta ta kusa ƙurewa, muryarta takan fara dishewa kaɗan, irin dishewar nan da ke tayar da tsikar jiki. Babbar amfilifaya ba ta kaiwa wannan wurin sai ta girgiza unguwa, maƙwabta sun fito da zagi. Ƙarama kuwa, mai wat kaɗan, wato mai ƙaramin ƙarfi, tana kaiwa can kana zaune a ɗaki. Shi ya sa Dogo, mai situdiyon, ya ce wa Baba ya bar tsohuwar gingimemiyarsa a gida ya nemo ƙarama, don ɗakin naɗinsa bai fi kicin girma ba.

Sai na duƙufa. Wat biyar na yi ta, da lasifika mai faɗi, na sa kafinta ya yi mata akwati da katako mai nauyi. A ɓoye na yi, ina tura ta ƙarƙashin benci in rufe da tsumma duk lokacin da na ji takun Baba, don so nake in ba shi mamaki. Na tono tsofaffin kaset ɗinsa na lokacin da yake tashe, in saurari kaset, in saurari tawa, in cire wannan in mayar da wancan, har muryoyin biyu suka zama uwa ɗaya uba ɗaya. Murya mai kauri, mai ɗumi, samanta a lafe, ba ta tsawa ba ta cizo. Ranar da na gama, ni kaɗai a shago na yi ta murmushi kamar wata sabuwar mahaukaciya.

Na shirya zan fito da ita ke nan, sai ga Auta ya faɗo mana da rana tsaka, ɗauke da wani abu a hammata kamar kwalin takalmi.

"Mene ne wannan kuma?" na ce.

"Amfilifaya mana, Yaya. Ni na haɗa wa Baba. Wat ɗaya ce."

"Wat ɗaya? Sauro ne zai yi kiɗan?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, ko a jikinsa. Wai a bidiyon wayar salula ya koya. A bidiyo! Na karɓa na leƙa cikinta, wallahi sai da na kau da kai. Dalma dunƙule-dunƙule kamar kashin awaki, wayoyi sun harɗe, lasifikar kuwa ba ta fi tafin hannuna ba. Na ce a raina, to madalla, yau dai Allah ya kawo ranar da za a ga bambanci.

Baba ya shigo, na janye tsumman na nuna masa tawa. Ya shafa katakon, ya ce, "Iye." Na kunna, muka jira kwalaben suka yi ja, ya rataya gitarsa ya taɓa. Shagon ya cika da muryar nan. Ni dai idona har ya kawo ruwa. Baba ya ɗan kaɗa kaɗan, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ta yi." Ya zare kebur ɗin ya soka a kwalin Auta.

Innalillahi. Ka san ƙarar da ake yi in ana kankare ƙasan tukunya da cokali? To ita ce. Siririya, mai tsini, tana shiga haƙori. Amma Baba ya lumshe ido, ya karkata kai, ya shiga kiɗa ba ji ba gani. Ya yi wannan ya shiga wancan, har da wani tsohon kiɗa da rabona da jin sa tun Umma tana da rai. Da ya tsaya sai ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Da wannan zan tafi wajen Dogo."

Zuciyata ta kawo iya wuya. Na ce, "Baba, ai ba a yi adalci ba." Bai juyo ba. Na ɗaga murya na sake faɗa, sannan ya dube ni.

Kuma ina da hujja, ba haushi kaɗai ba. Duk wanda ya yi aikin nan ya san kunne maƙaryaci ne: in ka jera abu biyu, wanda ya fi ƙara shi yake cewa ya fi daɗi. Mutane suna zaton wat biyar ta ninka wat ɗaya sau biyar a ƙara, alhali ba haka ba ne, tazarar ba ta kai yadda ake tsammani ba, kuma lasifika mai tsini takan rufe ta. Ga shi kwalin Auta a kan benci yake, daidai kunnen Baba, tawa kuwa tana ƙasa tana yi wa gwiwoyinsa waƙa. Sannan ya san wacce ce ta wa, kuma kowa ya san ɗan lelen gidan nan. Wannan ta ƙarshen ban faɗa ba, amma Auta ya karanta ta a fuskata.

"A sake," na ce. "A bayan labule, tsayi ɗaya, ƙara ɗaya. A kira Kawu da Dogo su zama shaidu."

Auta ya ce, "Yaya, da kin bar maganar nan."

"Tsoro kake ji?"

Ya kau da kai. Na ɗauka na kama shi.

Washegari da la'asar muka taru a ɗakin bayan shago. Kawu ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini, mai gangarsa ne tun suna samari, mu muka tashi muna ce masa Kawu. Dogo ya zo yana sunkuyawa a bakin ƙofa kamar kullum. Na ɗaura igiya na rataya zanin gado, na ɗora amfilifayoyin biyu a kan kujeru masu tsayi ɗaya a bayansa. Na kashe fanka don kada gurnaninta ya shiga tsakani, kowa ya fara gumi, ban damu ba. Na ajiye wayata daidai inda kan Baba yake, tana auna ƙara, na sa shi ya yi ta bugun sauti ɗaya ina murɗawa har lambar ta zo daidai a duka biyun. Sannan na shige bayan labulen da ɗan akwatin da ke juya gitar daga wannan zuwa waccan.

Na fara da tawa. Baba bai yi nisa ba na ji Kawu ya buga cinya.

"Kai! Mutumina, wannan ai muryarka ce ta da! Wallahi kamar na ga gashin kanka ya dawo."

Dogo ya ce, "Wannan ko ban taɓa komai ba ta shiga faifai."

Na ji kamar in yi guɗa. Sai Baba ya ce, "Wannan? An toshe mata hanci. A ba ni ɗayar."

Na juya. Cokali ya hau kan tukunya. Ta ƙasan zanin na hango ƙafar Baba ta fara bin kiɗa, na kuma ji Dogo yana tari irin na wanda ba ya son ya yi magana. Na sake juyawa, na rikita jerin, na ba shi tawa sau biyu a jere don in ruɗe shi. Ina! Duk lokacin da ta Auta ta shigo sai ya ce, "Yawwa, ita ce." Duk lokacin da tawa ta shigo sai ya ce a wuce.

Daga nan na yi abin da ni da kaina na hana. Na miƙa hannu na murɗa tawa sama, sosai, har zanin ya fara rawa, ƙananan kusoshi suna tsalle a cikin gwangwaninsu a kan benci. Ta kai daidai wurin nan da take dishewa, wurin da na kwashe watanni ina nema. Ko dutse ya ji sai ya motsa.

Baba ya tsaya. Ya ce, "Ƙara dai ta ƙaru, amma har yanzu bakinta a rufe yake. Gunaguni kawai take yi."

Ban san lokacin da na fizge zanin ba, igiyar ta tsinke. Na ce, "Baba, don girman Allah ka faɗi gaskiya! Ka ce don ta Auta ce kake so, mu huta! Kawu ya ji, Dogo ya ji, kowa ya ji! Wannan gwangwanin ai sai kurma ne zai ce ya fi daɗi!"

Wannan kam ya ji ta, don da iya ƙarfina na faɗa. Bai yi faɗa ba. Ya cire maɗaurin gitar daga kafaɗarsa a hankali, ya jingine ta da bango, ya nemi takalmansa ya fita. Kawu ya dube ni ya ce, "Haba 'yata," ya bi bayansa. Dogo ya shiga duba wayarsa kamar an aiko masa da wani muhimmin saƙo.

Auta ya kama hannuna ya ja ni bayan shago, wajen famfo. Na fizge.

"Sake ni! Ka samu abin da kake so."

"Yaya, ki saurare ni. Kunnen Baba ya tafi."

"Wane irin ya tafi? Mutumin da ya gane kwalinka duk yadda na juya?"

"Ba duka ba. Saman ne ya tafi. Duk wani siririn sauti ba ya isa gare shi, sai mai kauri. Lokacin da ya zo hutawa wajena na kai shi wajen likitan kunne, aka auna. Likita ya ce shekarun da ya yi a gaban manyan lasifikoki ne suka cinye shi, kuma ba ya dawowa."

Na tsaya ina kallon sa. Famfon yana ɗiga a cikin bokiti.

"Na san tawa ba ta da daɗi," ya ce. "Ni ma kunne gare ni. Zaunar da shi na yi kusa da ni, ina ƙara mata tsini yana girgiza kai, ina ƙarawa yana girgiza kai, har na ga ya yi murmushi. Nan na tsaya. Abin da ke sokar kunnenki, shi a wajensa nan ne gitar ta fara fitowa sarai. Taki kuwa, samanta a lafe yake, shi ya sa ba abin da ke isa kunnensa sai gunaguni."

"Me ya sa ba a gaya min ba? Ni da nake kwana gida ɗaya da shi?"

"Shi ya hana. Har rantsar da ni ya yi."

"Saboda me?"

Auta ya sosa ƙeya. "Ya ce duk abin da kika gyara sai kin kawo masa ya saurara kafin ki ba mai shi. Ya ce in kika sani za ki daina kawowa."

Na zauna a bakin rijiyar famfon. Gaskiya ne, ba na sallamar aiki sai Baba ya ji ya gyaɗa kai. Ashe tun yaushe yake gyaɗa min kai a kan abin da ba ya ji?

"Kuma Yaya," ya ce a hankali, "muryarki siririya ce. In kika yi magana ta bayansa, rabi ba ya kamawa. Ni tawa ce mai kauri, shi ya sa. Ba share ki yake yi ba."

Ya kamata in ji sanyi a raina, ko ba haka ba? To ban ji ba. Tausayin Baba ya kama ni har ƙirjina yana zafi, kunya ta rufe ni, amma a ƙarƙashinsu kishin nan yana nan daram, ya ma ƙara nauyi. Ni nake dafa masa, ni nake wanke masa, ni nake sanin ranar da bayansa ke ciwo tun kafin ya faɗa. Amma da ya tashi ba da ajiyar abin da ya fi tsorata shi a duniya, sai ya tsallake ni ya kai wa Auta. Har muryar da yake iya ji, Allah bai ba ni ba sai Auta. Kuma abin da ya fi ci min rai, yaron nan da bai iya ɗiga dalma ba ya yi abin da ban yi ba. Ya zaunar da mutumin ya tambaye shi. Ni kuwa na kulle kaina da kaset, na haɗa wa Baban cikin kaset amfilifaya, saurayin da ya daɗe da barin gidanmu.

Na ce, "Dalmarka dai ba ta da kyau."

Ya ce, "Na sani."

Da safe na kai wa Baba shayi. Ban yi magana daga bakin ƙofa ba kamar yadda na saba. Na zagayo gabansa, na durƙusa inda zai ga bakina, na ce, "Baba, ka yafe min." Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Ya gane an gaya min, na ga haka a idonsa, amma bai ɗauko zancen ba, ni ma ban ɗauko ba.

"Dogo ya kira," ya ce. "Wai a kawo duka biyun."

Dabarar Dogo mai sauƙi ce. Ya raba kebur ɗin gitar gida biyu. Kwalin Auta ya ɗora shi a kan kujera dab da kunnen Baba, don ya riƙa jin kansa yana kiɗa. Tawa kuwa ya kai ta wani ɗan sito da yake tara kwalaye, ya kafa mata makirfo a baki, ya ja ƙofa ya rufe. Ita za a naɗa. Na san nasara ce, kowa ya san wadda aka kafa wa makirfo ita ce ta ci. Amma da na ga an rufe ta a cikin duhu da tsintsiya da tsofaffin kwalaye, ga kwalin Auta a zaune kafaɗa da kafaɗa da Baba kamar wani babban baƙo, sai da na yi tsaki.

Muka shiga ɗakin da Dogo yake zama da na'urorinsa, ni da Auta, muna hangen Baba da Kawu ta gilashi. Kawu ya ɗaga sandar gangarsa, suka shiga kiɗa.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Baba yana jin kansa, saboda haka yatsunsa suka saki jiki, yana jan tsirkiya yana sakin ta yadda ya ga dama. Abin da ke fitowa ta lasifikokin Dogo kuwa muryar tawa ce, mai kauri, mai ɗumi, tana dishewa daidai inda ya danna da ƙarfi, tana lafawa in ya sassauta. Dogo ya cire hannunsa daga kan na'ura ya naɗe su a ƙirji. Auta ya matso ya ce min a kunne, "Yaya, kin iya." Na ce ya matsa yana tare min iska. Ba daga bakinsa nake son jin ta ba.

Da suka gama suka shigo, Baba yana share gumi da hularsa. Dogo ya ba shi kujerar tsakiya ya kunna masa abin da aka naɗa. Na tsaya a gefe inda zan ga fuskarsa. Kawu yana ta kaɗa kai yana cewa, "Allahu akbar." Baba kuwa goshinsa ya fara tattarewa. Ya matso gaba, ya karkata kunne, ya koma.

"Dogo," ya ce, "wa ya lulluɓe ta da bargo? Buɗe ta mana."

Dogo ya ɗan murɗa wani maɓalli, saman sautin ya ɗago kaɗan. Har nan da sauran daɗi.

"Ƙara."

Ya ƙara.

"Ƙara dai, kada ka ji tsoro. Rage mata wannan gunagunin na ƙasa."

Dogo ya waiwayo ya dube ni. Na mayar da idona kan Baba. Ya ci gaba da murɗawa, ina ji ana yanke ta gaɓa-gaɓa. Ɗumin ya tafi, kaurin ya bi shi, dishewar nan mai daɗi ta koma ƙara mai tsaga kunne. Kawu ya daina kaɗa kai. Kafin a jima abin da ke fitowa ba shi da maraba da kwalin Auta, har ni da na haɗa ta ba zan iya rantsuwa tawa ce ba.

Nan fuskar Baba ta buɗe. Ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan! Yawwa! Ka ji gita!" Ya saurara har kiɗan ya ƙare, yana murmushi, yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa. Sannan ya juyo yana nema na da ido.

"Yaya, wannan taki ce aka naɗa?"

Na matso gabansa. "Tawa ce, Baba."

"Kai, kai, kai. Ashe rannan ɗakin ne ya cuce ta." Ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya jijjiga. "Kin iya. Wallahi kin iya, kin wuce ni nesa ba kusa ba. Allah ya yi miki albarka." Ya juya wajen Dogo. "Haka nake so a fitar da shi, kada a taɓa komai. Kuma a jikin faifan a rubuta cewa amfilifayar aikin hannun 'yata ce. Da manyan baƙi."

Kawu ya ja shi waje su sha iska. Da ƙofa ta rufu, Dogo ya juyo da kujerarsa ya yi ƙasa da murya.

"Injiniya, na ajiye na farkon yadda yake. In kin ce in mayar, minti ɗaya ne, ba zai sani ba sai faifan ya fito. In kuwa wannan aka fitar da sunanki a jiki, duk mai kunne a garin nan zai ce aikinki ke nan. Ki yi tunani."

Na yi tunanin. Na ga masu gitar da ke kawo min gyara suna sauraron wannan kankarar tukunyar suna kallon juna. Na kuma ga Baba a ɗakinsa ya kunna faifan da ya jira duk rayuwarsa, ya ji bargo. Hannuna har lokacin da ɗumin nasa.

"Bar shi yadda ya ce."

"Da sunan?"

"Da sunan."

Dogo ya ɗaga kafaɗa ya juya ga na'urarsa. Na waiwaya in ce wa Auta ya zo ya kama min mu fito da amfilifayata daga sito, sai na hango shi ta gilashi, shi kaɗai a ɗakin naɗin. Yana tsaye a kan ɗan kwalinsa yana naɗe kebur a hannu, ya naɗe ya warware, ya sake naɗewa. Muryar da Baba ya yaba tasa ce, shi ya zauna ya nemo ta, kuma ko kallon inda yake Baba bai yi ba. Ba dariyar nan, ba komai, bakinsa a ɗaure, idonsa a ƙasa. Na san ciwon da ke cin sa, ba wanda ya kai ni sanin sa.

Da na so, da na fita na kamo Baba na tsaya a gabansa na gaya masa ta wa ce. Ƙofar tana nan kusa da ni. Na tsaya ina kallon ƙanena ta gilashi, tausayinsa yana taɓa ni, amma wani daɗi yana ratsa ni har tafin ƙafa, ban kuwa kore shi ba. Na ƙwanƙwasa gilashin na yi masa alama ya zo ya ɗauki ɓangaren da ya fi nauyi.